Labarin Maryamu Slessor, Uwar Tagwaye

Ya kai mai karatu, kada ka zaci bayin Allah ba su san tsoro ba. Ga Maryamu Slessor, wadda aka haifa a ƙasar Sukotlan a shekara ta 1848. Ubanta mashayi ne. Tun tana ƙarama ta shiga aikin masaƙa a birnin Dundee. Ko da ta girma, in ta hangi saniya cikin makiyaya ba ta yarda ta ratsa.

Duk da haka ta sauka Kalaba a 1876, a 1888 kuwa ta shiga ƙasar Okoyong. A zamanin nan mutanen wurin suna cewa ɗaya daga cikin tagwaye ɗan aljani ne, sai a yar da su a daji, a kori uwar. Duba fa, su ma tsoro ne ya sa su wannan aiki. Sa'ad da labari ya iske ta, ko da dare ne, takan bi ta kurmin damisa, gabanta yana faɗuwa, tana addu'a, ta ɗauko jariran ta rene su a gidanta, gama ƙaunar Almasihu ta rinjayi tsoronta.

Ta rasu a 1915, 'ya'yan da ta rena suna wurinta.