John Bauer, mai zanen dodannin ƙasar Suwidin

A wannan mako za mu kai masu karatu arewacin Turai, ƙasar Suwidin, domin mu kawo muku tarihin John Bauer, mai zanen da har yau in an ce dodon daji, hotunansa ne ke fara zo ma mutanen ƙasar a rai.

An haife shi ranar 4 ga Yuni 1882 a garin Jönköping, bakin tafkin Vättern. Mahaifinsa baƙo ne daga Bavariya ta ƙasar Jamus, sana'arsa sayar da nama. Yana da shekara 16 ya tafi Stockholm koyon zane, a 1900 kuma babbar makarantar zane ta masarautar ƙasar ta karɓe shi. Can ya gamu da Ester Ellqvist, ita ma ɗalibar zane, suka yi aure a 1906.

Kafin auren, a 1904, an aike shi Lapland, can ƙurewar arewa, don ya yi hotunan wani littafi. Ya zauna da mutanen Sami, makiyaya masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar sanyi, ya zana tufafinsu da kayan aikinsu. Daga baya an riƙa ganin irin waɗannan huluna da ɗamara a jikin dodanninsa.

A 1907 kamfanin Åhlén & Åkerlund ya fara fitar da wani littafin gatana na yara sau ɗaya a shekara, mai suna Bland tomtar och troll, wato cikin aljanu da dodanni. Marubuta daban-daban ke kawo labaran, Bauer ke yin hotunan da fentin ruwa. Dodanninsa ƙatta ne masu dogon hanci da gashi buzu-buzu, in sun tsuguna sai ka ɗauka duwatsu ne da gansakuka ta rufe. Amma ba su cika ban tsoro ba, sun fi kama da tsofaffin da kaɗaici ya dama. Kusa da su yakan sa wata ƴar siririyar ɗiyar sarki mai haske. Hoton da ya fi shahara shi ne na 1913, inda gimbiya Tuvstarr ke zaune ita kaɗai bakin wani baƙin tafki tana duban ruwa. Matarsa Ester ce yakan duba in zai zana irin waɗannan gimbiyoyi, alhali nata zanen ya ja baya bayan aure, abin da a ganinmu ba a cika faɗa ba in ana yabon mijin.

Akwai rigimar da ta dace masu zane da marubutanmu su sani. A lokacin, kamfani in ya biya mai zane, ya mallake hoton da duk wani amfanin da za a ci da shi gaba. Bauer ya ce bai yarda ba, haƙƙin aikinsa nasa ne. Kamfanin ya ƙi, ya ba wani aikin littafin 1911. Sai ciniki ya faɗi, dole suka koma suka biya masa buƙatarsa, ya ci gaba daga 1912 zuwa 1915. Daga nan shi da kansa ya aje aikin, don ya gaji da a riƙa kiransa mai zanen gatana kawai.

A 1918 iyalin suka shirya ƙaura zuwa Stockholm. Ranar 1 ga Oktoba jirgin ƙasa ya yi mummunan haɗari a Getå, mutum sama da 40 suka mutu, shi ya sa suka zaɓi tafiya ta ruwa. Daren 19 ga Nuwamba suka shiga jirgin Per Brahe a garin Gränna. An cika shi da murhunan ƙarfe da garmuna da kekunan ɗinki, har an jibga wasu a sama ba a ɗaure ba. Iska ta taso, kayan suka zame gefe guda, jirgin ya kife kusa da tashar Hästholmen. Mutum 24 ke ciki, babu wanda ya fita, har da Bauer mai shekara 36, da Ester, da ɗansu Bengt ɗan shekara uku.

Sai a 1922 aka ciro jirgin daga ƙarƙashin ruwa, aka rufe su a maƙabartar Jönköping. Gidan tarihi na wannan garin shi ne ke riƙe da tarin zanensa mafi girma.