James Naismith: Maraya da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando

An haifi James Naismith a garin Almonte na ƙasar Kanada ranar 6 ga Nuwamba, 1861. Zazzaɓin taifot ya yi ajalin iyayensa biyu tun yana yaro, ya tashi a hannun kawunsa.

A Disamban 1891, yana koyarwa a Springfield da ke Amurka, aka nemi ya samo wasan da ɗalibai za su yi a cikin ɗaki lokacin hunturu. Ya rataye kwanduna biyu, ya rubuta dokoki 13.

Bayan shekara 45, wasan ya shiga gasar Olamfik ta Berlin a 1936, inda ƙasashe 21 suka fafata, har da Masar. Karo-karo aka yi a Amurka aka biya masa kuɗin tafiya.

An buga wasan ƙarshe a fili, ana tafka ruwa, ƙwallo na maƙalewa a taɓo. Amurka, inda ya zauna, ta doke Kanada, mahaifarsa, da ci 19 da 8. Shi ya miƙa lambobin yabo.

Ya rasu a Kansas ranar 28 ga Nuwamba, 1939.