Hedy Lamarr

Hedy Lamarr (9 ga Nuwamba 1914 – 19 ga Janairu 2000) 'yar fim ce 'yar asalin Ostiriya wadda ta yi suna a Amurka, kuma mai ƙirƙira. Ita da makaɗi George Antheil sun tsara dabarar tsallake-tsallaken mitar rediyo, wadda irinta ta shiga Bluetooth da Wi-Fi na farko.

Farkon rayuwa

An haife ta a Vienna, sunanta na yanka Hedwig Eva Maria Kiesler. Mahaifinta babban ma'aikacin banki ne, mahaifiyarta kuma makaɗiyar fiyano. A 1933 ta fito a fim ɗin Ecstasy, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce har wasu ƙasashe suka hana nuna shi. A shekarar ne ta auri Friedrich Mandl, attajiri mai masana'antar makamai, mutum mai tsananin kishi. A teburinsa take jin injiniyoyi da hafsoshin soja suna zancen makamai. A 1937 ta gudu daga auren ta isa Landan, inda ta haɗu da Louis B. Mayer, shugaban kamfanin MGM. Daga nan aka sauya mata suna. Fim ɗin Algiers na 1938 ya fito da ita a Hollywood, Samson and Delilah na 1949 kuma shi ne mafi kasuwa a finafinanta.

Ƙirƙirar

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen Ingila. Bam mai tafiya cikin ruwa ana iya sarrafa shi da rediyo, amma idan maƙiyi ya gano mitar, sai ya cika ta da hayaniya, bam ya ɓace hanya. Shawarar Lamarr ita ce kada saƙon ya zauna a mita ɗaya. Mai aikawa da mai karɓa su riƙa tsallaka daga wannan zuwa waccan a tare, bisa jerin da su kaɗai suka sani. Wanda ya toshe mita guda, ɗan guntun saƙo kawai ya ɓata.

Wahalar ita ce yadda ɓangarorin biyu za su yi tsallen a lokaci ɗaya. Nan Antheil ya shigo, domin ya taɓa fama da haɗa fiyano masu kaɗa kansu su tafi tare. Suka ɗauki naɗin takarda mai huji irin na fiyanon, ɗaya a jirgi ɗaya a cikin bam, da mitoci 88 daidai da yawan maɓallan fiyano. An ba su takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 2,292,387 ranar 11 ga Agusta 1942, da sunan Hedy Kiesler Markey. Sojojin ruwan Amurka ba su yi aiki da ita a yaƙin ba. Lamarr ta koma tara wa gwamnati kuɗin yaƙi. Wa'adin takardar ya ƙare a 1959, shekarar da Antheil ya mutu, ba su ci ko sisi ba.

Alaƙarta da Wi-Fi

A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zangunan rediyo, har da na 2.4 GHz, ga na'urori masu baza saƙo ba tare da lasisi ba. Ƙa'idar 802.11 ta 1997, tushen Wi-Fi, ta amince da tsallaken mita a matsayin ɗaya daga hanyoyinta, da saurin megabit 1 zuwa 2 a daƙiƙa. Bluetooth na tsallaka tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa. Shi ya sa a wuri mai cunkoso kamar kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, wayoyi da lasifikoki da yawa ke magana a zango ɗaya ba tare da sun toshe juna gaba ɗaya ba.

Sau da yawa ana kiranta uwar Wi-Fi. Wannan laƙabi ya yi yawa. Tun kafin ta, Jonathan Zenneck ya ambaci sauya mita a littafinsa na 1908, wasu ma sun yi rajistar makamancin haka. Wi-Fi na yau, har da eriyoyin da ake kafawa a rufin gini don haɗa kwamfutocin ofisoshi biyu ba tare da jan waya ba, yana aiki ne da wata dabara, OFDM, wadda ke raba saƙo a ƙananan mitoci da yawa lokaci guda. Sunan Wi-Fi kansa kamfanin talla ne ya ƙaga shi a 1999. Abin da yake nata shi ne ta gano matsalar toshewa, ta kawo cikakken tsari mai rajista, alhali ba ta yi karatun injiniya ba.

Ƙarshen rayuwa

Ta zama 'yar ƙasar Amurka a 1953. Ta yi aure sau shida, tana da 'ya'ya uku. Shekarunta na ƙarshe ta yi su a keɓe a jihar Florida, galibi ta tarho take magana da mutane. Ƙungiyar Electronic Frontier Foundation ta karrama ta a 1997. Ta rasu a Casselberry tana da shekara 85, aka watsa wani ɓangare na tokarta a dajin Vienna. A 2014 aka shigar da sunanta da na Antheil cikin zauren fitattun masu ƙirƙira na Amurka.