Rafayel Mai Zane

A shekarar 1483, zamanin da Muhammadu Rumfa ke sarautar Kano, aka haifi Rafayel a birnin Urbino na ƙasar Italiya. Ubansa mai zane ne a fada. Yana da shekara 11 ya zama maraya, amma bai yar da sana'ar ubansa ba. Ya yi almajirci wurin gwani Perujino, har ya fi shi suna.

Musulmi ba su zana surar annabawa, amma Kirista sukan sa ta cikin majami'unsu. Rafayel ya shahara wajen zana Maryamu rungume da jaririnta Isa, fuskarta cike da tausayi. A 1508 Paparoma ya kira shi Roma don ya ƙawata masa fada. Can ya rasu a 1520, yana da shekara 37.

Yara, maraici ba ya hana ɗaukaka.