John Carson: Injiniyan da ya rage wa murya faɗi don ta yi nisa

Zuru gari ne da ya yi suna wajen ba Najeriya sojoji, kuma duk tsohon sojan da ya taɓa riƙe rediyon sadarwa mai cin dogon zango ya san wata siririyar murya da ke fitowa kamar ta hanci. Asalinta yana komawa ne ga John Renshaw Carson, wanda aka haifa a Pittsburgh ta Amurka a 1886.

Ya yi karatu a Jami'ar Princeton, ya koyar a can, kafin ya koma kamfanin tarho na AT&T a 1914. Abin da ya dame shi shi ne ɓarnar da ke cikin tsarin AM. Tsarin yana aika murya kwafi biyu iri ɗaya, tare da siginar da ke dakonsu, wadda ita kaɗai ke lashe aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙarfin wuta, alhali ba ta ɗauke da ko kalma guda. A 1915 Carson ya nuna cewa za a iya zubar da 'yar dakon da kwafi ɗaya, saƙo kuma ya isa. Wannan shi ne SSB. Da shi aka buɗe layin tarho ta rediyo tsakanin New York da Landan a 1927.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sadarwar rediyo don sha'awa suka rungume shi, domin muryar da ke cin faɗin kilohaz 6 a AM ta koma cin kusan 3. Sai dai matse murya yana da nasa farashi: kaurinta kan ragu, sautuka irin su "s" da "f" kan rikice, har yau kuma ana gardama a tsakaninsu kan iyakar matsewar.

A 1922 Carson ya yi lissafin cewa FM ba zai rage faɗi ba. Lissafin daidai ne, amma ya yi gaggawar raina tsarin, domin a 1933 Edwin Armstrong ya samu shaidar mallakar FM mai faɗi, wanda ke kashe hayaniya ya fito da murya tangaram. Abin mamaki, ƙa'idar auna faɗin FM har yanzu sunan Carson take amsawa.

Ya rasu a ranar 31 ga Oktoban 1940, yana da shekara 54.