Dokta Nnamdi Azikiwe: Ɗan Zungeru Da Ya Ga Yaƙin Basasa

Duk ɗan Arewa da ke neman abincinsa a Anacha, ko Inugu, ko Fatakwal, ya kamata ya san tarihin marigayi Dokta Nnamdi Azikiwe, watau Zik, domin zaman da muke yi a nan ya shafi rayuwarsa ƙwarai.

An haife shi a Zungeru ran 16 ga Nuwamba, 1904, inda mahaifinsa, mutumin Anacha, yake aikin akawu. Da Hausa ya buɗe baki. Sai da ya kai wajen shekara 8 aka aika da shi Anacha don ya koyi harshen iyayensa. A 1925 ya tafi Amurka karatu, ya komo ya kafa jaridar West African Pilot a Ikko a 1937, kuma a 1944 shi da Herbert Macaulay suka kafa jam'iyyar NCNC.

A zamanin nan baƙo bai rasa wurin zama a Gabas ba. A ƙarƙashin NCNC ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko. Jam'iyyar kuma ta ƙulla ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. Zik ya zama Firimiyan Jihar Gabas a 1954, Gwamna-Janar a 1960, sannan Shugaban Ƙasa a 1963.

Juyin mulkin Janairu 1966 ya same shi a ƙasar waje. Cikin shekarar nan aka kashe dubban Ibo a Arewa, aka kashe 'yan Arewa a garuruwan Gabas, waɗanda suka tsira suka bar rumfunansu da gidajensu suka gudu. Ran 30 ga Mayu, 1967, Ojukwu ya yi shelar Biyafara, yaƙi ya ɓarke a Yuli. Inugu ta faɗa hannun sojan tarayya a Oktoba 1967, Anacha a Maris 1968, Fatakwal a Mayu. Babbar kasuwar Anacha ta ƙone ƙurmus.

Da farko Zik ya goyi bayan mutanensa, har ya zaga ƙasashe yana nema wa Biyafara masu amincewa da ita. Amma da ya ga yunwa na cinye yara, ga shi babu alamar nasara, sai ya sake shawara. A Fabrairu 1969 ya kawo tsarin sulhu a Oxford ta Ingila, a Agusta kuma ya zo Ikko ya gana da Janar Gowon, ya goyi bayan Nijeriya ɗaya. Wasu 'yan'uwansa suka kira shi maci amana, kuma wannan tabo ya daɗe yana binsa.

Yaƙi ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970, bayan wata 30. An ƙiyasta mamata sun haura miliyan ɗaya, yawancinsu yunwa ce ta kashe su. Wanda ya taɓa ajiyarsa ta banki lokacin Biyafara fam 20 kacal aka ba shi. A Fatakwal Ibo da yawa suka rasa gidajensu da sunan dukiyar da aka yi watsi da ita, alhali a Arewa wasu sun tarar maƙwabta sun tsare musu gidaje har da kuɗin haya. Daga nan mutumin Gabas ya koyi gina gida a garinsu tukuna, ɗan Arewa kuma ya dawo da shanu da albasa, amma sau da yawa iyali suna can gida. Kasuwa ta riga zuciya warkewa.

Jamus sai da ta yi shekara 45 bayan yaƙin duniya na biyu kafin ta sake haɗewa a 1990. A nan kuwa, shekara 9 bayan yaƙi, Zik ya tsaya takarar Shugaban Ƙasa a NPP, jam'iyyarsa ta ci Anambara da Imo da Filato, ta kuma shiga yarjejeniya da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wanda mataimakinsa, Dokta Alex Ekwueme, Ibo ne.

Zik ya rasu a Inugu ran 11 ga Mayu, 1996, aka binne shi a Anacha. Da sunansa ake kiran filin jirgin saman Abuja. Mahauci a Rumuokoro da ya karɓi takardar naira 500, hotonsa ne a hannunsa. Allah Ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan masifa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.