Akinola Lasekan, Mai Zanen Da Ya Tsone Wa Turawa Ido

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da atamfa a Arzeke ta Parakou ko a kasuwar Djougou ya san zane ne ke fara kiran mai saye. To, mutumin da muke tunawa da shi yau, da zanen tufafi ya fara neman abinci.

An haifi Akinola Lasekan a 1916 a ƙasar Owo, cikin Yarabawan Nijeriya. Kusan shi ya koya wa kansa zane. Yana saurayi ya yi wa kamfanin CFAO aikin zanen atamfa a Ikko, wato CFAO ɗin nan da iyayenmu suka sani, daga baya ya koma kantin littattafan mishan na CMS, yana zana hotunan littattafai da kalanda.

A 1944 ne ya fara zanen barkwanci a jaridar West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. Lash yake sa hannu. A lokacin masu karanta Turanci ba su taka kara sun karya ba, amma hoto ba ya neman tafinta. Dillali da ɗan dako da direban mota duk suna iya leƙa jarida su ga Bature ya yi ɗare-ɗare a kan baƙar fata, su gane saƙon, su yi dariya mai ciwo. Ya zana tsofaffin sojojin da suka yi wa Ingila yaƙin duniya na biyu, suka dawo gida babu aiki babu godiya. Ana cikin mulkin mallaka yake wannan, lokacin da hukuma ke iya rufe jarida, kuma ta taɓa rufe Pilot ɗin a 1945.

Sai dai mu faɗi gaskiya, alƙalaminsa yana da jam'iyya. NCNC ta Azikiwe yake karewa, abokan hamayyarta kuwa, musamman mutanen Awolowo, sun sha zane mai zafi a hannunsa. Wannan ɓangaren masu yabonsa sukan tsallake.

Ya daina zanen jarida a 1966, shekarar da soja suka kifar da gwamnati. Ya koyar da zane a jami'ar Nsukka, sannan ya koma jami'ar Ife. Ya rasu a 1972, kuma har yau shi ake lissafawa a matsayin mai zanen barkwancin siyasa na farko a jaridun Nijeriya.